Marka Ta Rubuta Wasiƙa Ba Gaisuwa

A duk faɗin Batsari ban san macen da ta kai Marka matar Daudu tsawon gaisuwa ba. In kina sauri kika hango ta tafe, gara ki sake hanya, don sai ta tambaye ki kwana da gajiya, da maigida, da yara kowa da sunansa, da ƙafar kakarki da ta ji labarin ta kumbura tun bara. Wannan matar ce aka raba da aikinta a kan wai ba ta iya gaisuwa ba. Har yau in na tuna sai raina ya yi baƙi ƙirin. Sunana Hassana, malamar Turanci ce ni a makarantar 'yan mata, kuma katanga ɗaya ce tsakanin gidana da ɗakin da Marka take haya, saboda haka ba a bakin wani na ji labarin ba.

A wani ƙauye bayan Karare aka haife ta, tsakiyar damina ana ruwa ba ƙaƙƙautawa, shi ya jawo mata sunan. Ubanta manomin gero da gyaɗa ne mai taurin kai. Ya sa ta boko a lokacin da sa 'ya mace boko abin surutu ne, ta lallaɓa har ta gama sakandare. Ta ci lissafi, ta ci ilimin halittu, Turanci ya kayar da ita. Ba ta ko waiwaye shi ba, don tun tana budurwa take bin gwaggonta Jika, ungozomar ƙauyen, tana riƙe mata ƙwarya da tsumma. Da Jika ta tsufa hannunta ya fara rawa, sai Marka ta karɓe ta. Ta auri Daudu, suna noma, tana karɓar haihuwa, ba wanda ya taɓa tambayar ta takarda.

Sai shekarun nan suka zo, daji ya gagari manomi. Aka kore shanun huɗar Daudu da rana tsaka yana ji yana gani. Damina ta gaba hatsi ya nuna a gona ba mai ƙarfin halin zuwa yanka. Suka ɗauko abin da kai zai iya ɗauka suka shigo Batsari kamar dubban mutane irinsu. Ba a daɗe ba hawan jini ya kwantar da Daudu, ɓarin jikinsa ɗaya ya shanye. Gida ya dawo wuyan Marka: hayar ɗaki, abin sawa a tukunya, da maganin mai gida wanda kullum tsadarsa gaba take yi.

Abin da ya rufa musu asiri shi ne wani ƙaramin asibiti da wata ƙungiyar agaji ta buɗe a gefen gari don matan da suka gudo daga ƙauyuka. Aka ɗauki Marka mataimakiya a ɗakin haihuwa, aikin wucin gadi. Matan ƙauye da ke tsoron farin kaya da allura, in sun leƙa suka ga fuskarta sai su shigo da ƙafarsu. Ɗan abin da ake ba ta a wata shi ne tuwon gidan, shi ne maganin Daudu.

Ana nan sai manyan ƙungiyar suka aiko da sabuwar doka daga babban ofishinsu. Za a tabbatar da wasu ma'aikata na dindindin, a sallami sauran. Sharaɗin kuwa, sai mai shaidar cin Turanci a jarrabawar gama sakandare, wai saboda da Turanci ake rubuta rahoto. Ni da nake cin abinci da Turancin nan sai da na yi tsaki, kai ka ce jariri da Turanci yake neman hanyar fitowa. Amma doka ta riga ta sauka, kuma sun ba da wa'adi mai ɗan tsawo. Marka ta yi rajistar jarrabawar 'yan waje a ɓoye, ta zauna da yaran da ta yanke wa cibiya, ta fito ba ta ci ba.

Daga nan ne ta shigo gidana da littafin rubutu a naɗe cikin mayafi. Sai da muka gama gaisuwa har shayina ya huce, sannan ta ce, "Malama, taimako na zo nema. Turancin nan ya ƙi ni tun ina ɗiya, ga shi ya biyo ni da tsufana."

Na ce ta rubuta mini wasiƙa da Turanci zuwa ga shugaban wata hukuma, a kan famfon unguwa da ya lalace. Kashegari ta kawo shafi ɗaya da rabi, rubutu tsaf kamar an buga da inji. Na fara karantawa, dariya ta kusa shaƙe ni. Ta gaishe da shugaban gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ta tambayi iyali da yara. Ta tambayi aiki da jama'a, ta yi masa sannu da haƙuri da mutane, ta ce in yana lafiya to ita ma tana lafiya, godiya ta tabbata ga Allah. Famfo bai leƙo ba sai a layi biyun ƙarshe, shi ma da ban haƙuri a gabansa da bayansa. A ƙasa ta rubuta, 'yarka mai biyayya.

Na ce, "Yaya Marka, ai ga abin da yake kayar da ke. Turancinki ba shi da laifi sosai. Wasiƙa iri biyu ce a wurinsu, ke kuma kin haɗa su a tukunya ɗaya."

Na zaunar da ita na yi mata bayani yadda nake yi wa ɗalibaina. Akwai wasiƙar zumunci, wadda mutum yake rubuta wa ɗansa ko ƙawarsa. Adireshinki kaɗai za ki sa, ki kira mutum da sunansa, ki gaishe shi son ranki, ki yi hira da raha, ki rufe da sunan da ake kiran ki a gida. Akwai kuma wasiƙar ofis. Ita adireshi biyu ne, naki da na ofishin. Ki ce Yallaɓai, ki sa kan magana a layi ɗaya, ki faɗi abin da ya kawo ki tun a jimlar farko. Ba tambayar iyali, ba tambayar gajiya. In kin gama ki sa hannu, ki rubuta cikakken sunanki a ƙasa.

Ta dube ni kamar na ce ta shiga kasuwa ba ɗankwali. "Haba Malama. In hwaɗa wa babban mutum haka kawai, ba ko ina kwana?"

"Ba mutum kike rubuta wa ba, kujerar kike rubuta wa. Yau shi ne a kai, gobe wani."

"To ai kujera ba ta karatu, Malama. Mutum ne zai buɗe, kuma uwa ce ta haihe shi."

Na dai ce mata masu gyaran jarrabawa ba su san da haka ba, kuma a hannunsu makin yake.

A wannan tsakanin ne aka yanke layin waya a yankinmu gaba ɗaya saboda matsalar tsaro, mutane suka koma aika takarda ta hannun direbobi kamar zamanin iyayenmu. Ɗakin Marka ya cika da matan da ke son a rubuta wa 'ya'yansu da ke ci-rani. Ita kanta tana rubuta wa ɗanta Sadisu da ke koyon gyaran babur a Kano. Na ce ta riƙa juya irin waɗannan da Turanci don gwaji. Wallahi a wasiƙar zumunci ban taɓa samun ɗaliba kamarta ba. Za ta ba Sadisu labarin akuyarta da ta ci sabulun maƙwabciya, ta yi masa faɗan salla, ta tambayi ko yana cin abinci, duk da Turanci mai sauƙi, kina karantawa kina jin muryarta.

Wasiƙar ofis ce muka sha fama. In na hana gaisuwa a sama, sai in tsince ta a tsakiya. In na kore ta daga tsakiya, sai ta ɓullo a ƙarshe, a gaida mutanen gida. Akwai ranar da ta rubuta wasiƙa tsaf ba aibu, na juya bayan takardar na tarar ta sa da ƙananan baƙaƙe, Allah ya ƙara wa Yallaɓai lafiya. Na ce mene ne wannan? Ta ce ai ba a cikin wasiƙar yake ba, a bayanta yake. Jan birona ya ƙare a kan gaisuwar Marka, na sayi wani. Kowane layi na soke sai ta ɗan runtse ido, kamar a jikinta nake jan biron.

A hankali dai ta saba. Ta sayar da akuyar nan mai cin sabulu ta sake yin rajista. Da sakamako ya fito ta ci Turanci, ci mai kyau ma. Ta shigo gidana da guɗa, na bi ta ɗakinsu, Daudu da ke kwance ya ɗaga hannunsa mai lafiya yana dariya da rabin baki. Ranar na ce a raina wahala ta ƙare, saura a rubuta takardar neman aiki a miƙa.

Wanda ke shugabantar asibitin a nan gari, kuma ta hannunsa takardu za su bi su tafi babban ofis, shi ne Muntaka. Ɗan ƙauyensu Marka ne. Uwarsa Ma'u aminiyarta ce tun suna 'yan mata, kuma Marka ta goya shi a bayanta ba sau ɗaya ba. Ya yi karatu, ya sami aikin ƙungiya, ya fara sa tabarau da rataya kati a wuya. Ana saura 'yan makonni a rufe karɓar takardu, sai aka tare motar da ta ɗauko mutane daga kasuwa a hanyar Safana. Cikin waɗanda ba su dawo da rai ba har da Malam Mani, uban Muntaka.

Ina so a ji wannan da kyau. Marka ce ta fara isa gidan. Ita ta riƙe Ma'u lokacin da aka shigo da gawa. Ita ta hura wuta, ta dama kunun masu zaman makoki, ta wanke kwanuka har aka share makoki, tana barin mijinta a hannun maƙwabta. Ta yi wa Muntaka ta'aziyya baki da baki a zaure, a gabana, tana hawaye. Duk wanda ya ce ba a yi haka ba ya yi ƙarya.

Da muka zauna rubuta takardar neman aikin, ta rubuta ta da kanta, ban sa mata ko wasali ba. Adireshi biyu, Yallaɓai, kan magana, shekarun da ta yi tana aikin, shaidar jarrabawa a haɗe. Ta gama ta riƙe biro a sama ta dube ni.

"Malama, layi guda dai. Allah ya jiƙan Malam Mani. Ko arba'in ba a yi ba."

Na ce, "A'a. Ba a teburin Muntaka za ta tsaya ba, babban ofis za ta je, wurin mutanen da suka ce sai mai Turanci. In suka ga ta'aziyya a takardar neman aiki, za su ce shaidar taki saye kika yi. Ta'aziyya kin yi ta da ƙafarki, kin yi ta da hannunki."

Abin da na faɗa mata ke nan, kuma in yau aka sake tambaya ta shi zan sake faɗa, don shi ne ƙa'idar da su da kansu suka ɗora wa mutane. Sanarwar da aka liƙa a ƙofar asibiti ta ce a sa takarda a ambulan a jefa cikin akwatin da ke bakin ofis. Marka ta sa ta jefa, ta wuce ɗakin haihuwa ta ci gaba da aikinta.

Abin da ba a rubuta a sanarwa ba, kuma kowa ya sani ban da mai bin ƙa'ida, shi ne ba wanda ya jefa tasa a akwati. Kowa gida ya bi Muntaka da ita bayan la'asar, ya durƙusa a zaure, ya sake sabuwar ta'aziyya, sannan ya zaro takarda daga aljihu da hannu biyu. Takardar Marka kaɗai ya tarar a akwatin.

Kafin sunaye su fito magana ta riga ta zagaya unguwa. A bakin famfo na fara ji. Wai Marka tunda ta ci jarrabawa kanta ya kumbura. Wai ta rubuta wa ɗan Ma'u takarda ba ko sannu, ubansa ko arba'in bai yi ba, ta kuma jefa masa a akwati kamar mai zubar da shara. Ma'u ta daina amsa sallamarta da sakin fuska. Da aka liƙa sunayen waɗanda za a kira ganawa da manya, babu na Marka.

Na yafa mayafi na tafi ofishin ban ko tsaya neman izini ba. Muntaka ɗalibin mijina ne a da, saboda haka ya miƙe ya gaishe ni, ya ba ni kujera. Na ƙi zama.

"Ina takardar Marka?"

Ya cire tabarau ya goge. "Malama, ba ni ke ɗauka ba. Ni dai ana tambaya ta halin ma'aikaci, in tura waɗanda na ga sun dace."

"Halin Marka ne ba ka sani ba? A bayanta ka yi fitsari."

"Shi ya sa abin ya yi mini ciwo," in ji shi. Ya jawo aljihun tebur ya fito da takardar ya shimfiɗa. "Dubi nan. Yallaɓai. Ni ne Yallaɓai a wurin Inna Marka? Babana yana kwance a ƙasa, ko Allah ya jiƙansa babu. Wanda bai san ni ba ma ya sa."

Ya turo mini kwafin sauran takardun da ya riga ya aika. Na duba. Gaisuwa shafi guda, ta'aziyya rabin shafi, addu'ar ƙarin girma, Turanci a karye kamar an taka shi da mota. Irin takardun da in ɗalibata ta kawo mini zan sa ta sake tun daga kwanan wata. Su ne suka wuce.

Na ce, "Ku kuka ce sai Turanci. Ta sayar da akuyarta ta koyo muku shi yadda masu shi suke yi. Yanzu kuma laifinta ta iya? Kwana nawa ta yi a gindin murhun gidanku?"

"Wannan ta yi wa mahaifiyata ne. Ni fa, a matsayina?" Ya mayar da takardar ya rufe aljihun. "Malama, littafinku daban, garin nan daban."

Na faɗa masa maganganun da ba zan maimaita a nan ba. Har masu jiran awo suka leƙo ta taga. Ban ji kunya ba, kuma ban janye ko ɗaya ba. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne na ga da gaske yake jin an yi masa laifi. Da wata ƙanwar matarsa yake son cusawa, da na san da wa nake faɗa. A'a, shi dai yana son mace sa'ar uwarsa ta rubuto masa da Turancin ofis don ya san ya zama babba, ta kuma durƙusa masa a cikin takardar don ya san ba a raina shi ba. Duka biyun yake so a shafi ɗaya, kuma bai ga dalilin da zai sa ya faɗa wa kowa tun da wuri ba.

Da na ba Marka labari ba ta ce ni na jawo mata ba, ba ta kuma zagi kowa ba. Ta yi wanka ta ɗaura zanenta na fita, ta ce in raka ta. Na ce ba inda za ni. Ta ce, "Malama, maganin Daudu saura na kwana kaɗan." Na tashi na bi ta.

A zauren gidan Ma'u, a gabana, Marka ta durƙusa har ƙasa gaban yaron da ta goya. Ta gaishe shi da kwana, da gajiya, da haƙurin rashi. Ta ce ta yi kuskure, tsufa ne da jahilci, ya yafe mata. Jahilci, in ji matar da ke da shaidar cin Turanci a jaka. Na juya fuskata ga bango don kada a ga idona. Muntaka ya ce, "Haba Inna, tashi, tashi, ya wuce wallahi." Ya sa aka kawo mana ruwa mai sanyi. Sai da muka sha ya ce shi a ransa ba komai, sai dai sunaye sun riga sun tafi, ba a ƙari, amma in wata dama ta taso zai tuna da ita.

Ƙarshen wata aka sallame ta. Ta miƙa farar rigar da makullin kabad ɗin safar hannu. Ta koma suyar ƙuli-ƙuli da gyaɗar da take saye da tsada, ita da gonar gyaɗarsu ke can daji ya cinye. Maganin Daudu ya koma yau a sha, gobe a tsallake. Wadda aka ɗauka a gurbinta yarinya ce mai hankali, ba ni da abin faɗa a kanta, sai dai matan ƙauye ba su san ta ba.

Watannin baya na je asibitin karɓo wa 'yata maganin zazzaɓi da hantsi. Sai ga Marka ta shigo riƙe da wata yarinya 'yar ƙauyensu, cikin fari, naƙuda ta kama ta sosai. Tun daga gida ta tallabo ta. Suka isa ƙofar ɗakin haihuwa, sabon mai gadi ya sa hannu ya tare. Ya ce ma'aikata kaɗai. Marka ta ce, "To, ɗana, sannu da aiki." Ta zare hannunta daga na yarinyar a hankali, aka shige da ita aka rufe ƙofa.

Daga ciki muna jin yarinyar tana kira, "Inna Marka! Inna Marka, ki zo!" Marka ta sunkuya ta tsince silifas ɗin yarinyar da suka zube a bakin ƙofa, ta zauna a kan benci cikin 'yan rakiya, ta ɗora su a cinyarta. Duk kiran da aka yi sai ta ɗan yunƙura kamar za ta tashi, sai ta koma ta zauna.